Foyil a Firiza: Yadda Za Ki Adana Nama da Kayan Miya Ba Tare da Asara Ba

Idan aka ce takardar foyil tana rage kashe kuɗi a firiza, hankalin yawancin mutane kan tafi wajen kuɗin wuta. Ba abin mamaki ba ne, tunda daga Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a Najeriya, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kowa ya koma sa ido a kan mita, ko da yake an ɗan sassauta farashin daga baya. Shi ya sa maganar da ake yaɗawa, wai a dunƙule foyil a jefa cikin firiza ko a manna shi a bangonta don wuta ta ragu, ta samu shiga. Amma injin firiza yana aiki ne gwargwadon zafin da ke shigar mata, ta murfi, ta robar bakin murfin, ta jikinta, da kuma ta abincin da aka zuba. Dunƙulen foyil ba ya toshe ko ɗaya a cikin waɗannan. A firiza mai fanka a ciki ma, irin wadda ba ta tara ƙanƙara, idan foyil ya rufe ramukan da iskar sanyi ke fitowa, ƙara wa injin wahala zai yi.

Amfanin foyil a jikin abincin yake, uwargida. Cinyar rago ɗaya da ta lalace ta fi kuɗin wutar da firiza za ta sha a wata guda.

Abin da ke lalata nama a cikin sanyi

Duk mai firiza ta san irin wannan naman. An ajiye shi ja wur, bayan wata ɗaya ko biyu an ciro shi gefensa ya yi toka-toka ya bushe, ledar kuma cike da garin ƙanƙara. Ki dafa shi duk yadda za ki dafa, wurin ba zai yi laushi ba, romon ma ba armashi. Garin ƙanƙarar nan ruwan jikin naman ne. Iskar firiza busasshiya ce, tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa ko da a daskare yake, kamar yadda hunturu ke busar da leɓe. Ruwa na fita, iska ta maye gurbinsa ta taɓa kitse, sai kitsen ya soma warin tsohon mai. Naman bai zama guba ba, ana iya yanke wurin a ci saura, amma abin da kika yanke kika yar da kuɗinki kika saye shi.

Siririyar ledar da ake ƙulla kayan miya a kasuwa iska tana ratsa ta a hankali, kuma ba ta lafewa a jikin nama. Shi kuwa foyil ƙarfe ne, alminiyam da aka murza har ya zama falle. Iska ba ta ratsa shi, tururi da haske da wari ma haka, kuma idan kika danna shi yana ɗaukar siffar abin da ya rufe ya zauna a haka. Tun 1910 aka fara murza shi a ƙasar Suwizalan, shekara na zagayowa masu cakulan Toblerone suka fara naɗe kayansu da shi saboda ƙamshi ya zauna.

Rauninsa biyu ne, kuma duk dabarar da za ta biyo baya don su aka yi ta: yana saurin yagewa, sannan ba ya shiri da tsami da gishiri.

Abin da za ki tanada

Ki nemi foyil mai kauri, wanda aka rubuta heavy duty a kwalinsa. Na yau da kullum kaurinsa kusan milimita 0.016 ne, mai kaurin kuma kusan 0.024. A ido bambancin ba komai ba ne, amma siririn yakan zo da ƙananan huji da ba a gani, kuma da ya gogi ƙashi ya yage. Idan siririn kike da shi, ki ninka shi biyu. Wajen saye ki duba tsawon mita da aka rubuta a kwali, kada girman kwalin ya ruɗe ki. Babban naɗi na shagon masu kayan kek ya fi araha a kan kowace mita, kuma kina iya haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba.

Sai farar leda mai tsabta, ko leda mai mannewa, ko mai zif. Baƙar leda ba don abinci aka yi ta ba, kada ta taɓa nama. Sai salatif na takarda da maka ta rubutu, da tire na alminiyam ko ɗaya ne, da gorunan ruwa na roba.

Ana yawan tambayar wane ɓangare ake sawa ciki, mai sheƙi ko marar sheƙi. Duk ɗaya ne. A murzar ƙarshe falle biyu ake haɗawa, gefen da ya taɓa injin ya yi sheƙi, gefen da ya taɓa ɗan'uwansa ya dushe.

Mataki na 1: Ki shirya firizar kwana biyu kafin kaya su iso

Idan ƙanƙarar jikin bango ta kai kaurin rabin santimita, ki kashe ki bar ta ta narke, domin tana tare sanyi tana sa injin ya daɗe yana aiki. Kwanon ruwan zafi a ciki yana hanzarta narkewar. Don Allah kada ki sa wuƙa ki ɓamɓare ta. Bututun gas yana kwance ne a bayan bangon, huji ɗaya ya isa ya kai ki wurin mai gyara.

Ki maƙale takardar kuɗi a bakin murfi ki rufe, sannan ki ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki, zafi yana shiga ta nan dare da rana. Ki janye firizar daga jikin bango kamar tafin hannu, ki nisanta ta da murhu da inda rana ke bugawa. Waɗannan su ne abubuwan da ke taɓa kuɗin wuta da gaske. Bayan nan ki kunna, ki jera gorunan ruwa a ƙasa su daskare. Kada ki cika su taf, ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Sanyin da ake nema shi ne digiri 18 ƙasa da sifili.

Mataki na 2: Ki raba kafin ki naɗe

A nan ne yawancin asara ke farawa, musamman da Babbar Sallah. An fede rago, gajiya ta kama kowa, sai a ɗura rabin nama a babbar leda ɗaya a cusa firiza. Tsakiyar wannan tulin yakan kwana bai daskare ba, wani lokacin har ya soma wari daga ciki alhali wajensa ya yi tauri. Ranar da ake son kaɗan na miya kuma, dole a narkar da duka, a gutsura, a mayar. Kowace narkarwa tana fitar da ruwan naman, kuma tana ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa.

Ki raba shi gwargwadon tukunya ɗaya ta gidanki. Idan rabin kilo kike sawa a miya, kowane ƙulli ya zama rabin kilo. Tsoka daban, mai ƙashi daban, kayan ciki daban, domin ba lokaci ɗaya suke lalacewa ba. Ki rage kitsen da ya yi yawa ki soya shi, shi ne ke fara canja ɗanɗano. Idan kin wanke naman, ki tsane shi sosai a kwando, ki goge da tsumma mai tsabta. Kada ki bar yankakken nama a tule cikin baho a tsakar gida. A zafin da ya wuce digiri 32, irin na Maris zuwa Mayu, awa ɗaya a waje ta isa.

Firiza ma tana da iyakar abin da za ta iya daskararwa a yini. Mai lita 200 kada ki ɗora mata ɗanyen nama fiye da kimanin kilo 10 a lokaci ɗaya. Sauran ya tafi suya, da dambu, da kilishi, da rabon maƙwabta da mabuƙata, wanda dama shi ne hakkin layya.

Mataki na 3: Naɗi biyu, leda a ciki, foyil a waje

Ki sa naman a farar leda, ki baje shi ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu. Ki danna da tafin hannu daga ƙasa zuwa baki har iska ta fita, sannan ki murɗe bakin ki ninke shi ƙarƙashi. Idan mai zif ce, ki nutsa ta a bokitin ruwa har kusa da baki, ruwan zai matse iskar waje, sai ki ja zif ɗin.

Ki yanko foyil wanda zai zagaye ƙullin sau ɗaya da rabi. Ki ajiye ƙullin a tsakiya, ki ɗago gefe biyu masu tsawo su haɗu a sama, ki ninke bakinsu tare, ki sake ninkewa, ki yi ta yi har ninkin ya sauka ya kwanta a jikin naman. Ki shafa da hannu daga tsakiya zuwa gefe don iskar da ta rage ta fita. Bakin nan biyu da suka saura ki lanƙwasa kusurwoyinsu ciki, ki ninke sau biyu, ki danne. Idan naɗin ya yi kyau za ki ga shatin naman ya fito a jikin foyil ɗin, ba wurin da ya kumbura, kuma idan kin girgiza ba abin da ke motsi a ciki.

Inda ƙashi ya yi tsini, kamar haƙarƙari ko ƙafar kaza, ki fara ɗora ɗan ninkakken foyil ko guntun leda a kan tsinin kafin babban naɗin. Huji ɗaya ya isa iska ta shiga, kuma daidai wurin hujin za ki tarar da farin tabo. Idan firizarki irin wadda ake yawan tonawa ce, ki tattara ƙulli huɗu ko biyar a babbar leda ɗaya don kada gogayya ta yaga su.

Ledar ciki tana raba foyil da gishiri da jinin nama, tana kuma hana shi mannewa ya gutsuttsure a jikin tsoka ranar narkarwa. Ita ce kuma za ta ba ki damar sake amfani da shi.

Mataki na 4: Ki rubuta

Foyil ba a ganin cikinsa. Ki manna salatif ki rubuta abin da ke ciki da kwanan wata: "tsokar rago, 12 ga Yuni". In ba haka ba za ki tsaya murfi a buɗe kina warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya, sanyi na fita. Sabo ya tafi ƙasa, tsoho ya dawo sama.

Mataki na 5: Ki daskarar da sauri

Naman da ya daskare a hankali, ƙanƙarar cikinsa manya-manya take fitowa ta farfasa tsokar, shi ya sa idan ya narke kike ganin jan ruwa ya cika kwano. Wanda ya daskare da sauri ƙanƙararsa ƙanana ce, tsokar ba ta jin jiki. A nan alminiyam yake da wani amfanin, domin yana ɗaukar zafi ya fitar da shi fiye da roba sau ɗaruruwa. Ki sa tiren a firiza ya yi sanyi tukuna, ki jera ƙullin a kai falle ɗaya, kada wani ya hau wani. A firiza ta kwance jikin bango ya fi ko'ina sanyi, can za ki jingina sababbin kaya. Idan tana da maɓallin daskararwa da sauri ki danna shi. Sai washegari, bayan sun yi tauri, ki tattara su ki jera a matse.

Samosa da sifirin rol da fanke na nama da ake tanada don azumi, ki shimfiɗa foyil a tire, ki shafa ɗan mai, ki jera su kada su taɓa juna. Bayan sun daskare ki juye a leda, ki naɗe da foyil ɗin da kika shimfiɗa. Ba za su manne ba, kina ɗiban adadin da kike so ki jefa a mai ba sai sun narke ba. Burodi da gurasa da alale suna karɓar naɗin foyil sosai, kuma a cikinsa za ki ɗumama su, a oben ko a madambaci. Kifi kuma ki cire kayan cikinsa, ki daskarar da shi a tire, ki tsoma shi a ruwan sanyi ƙarara ki mayar, siririyar ƙanƙara za ta lulluɓe shi, sannan ki yi naɗi biyu. Ƙarninsa ba zai kama ruwan sha da sauran kaya ba.

Tumatir, tsamiya da duk abin da ke da gishiri

Lokacin sanyi, idan tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa kwando ya faɗi, shi ne lokacin saye da yawa. Amma markaɗen tumatir bai kamata ya taɓa foyil ba. Tsami yana cin alminiyam, gishiri ma haka. Za ki ga ƙananan huji a foyil ɗin da tabo a saman abincin, ɗanɗanon ƙarfe kuma ya shiga. Abin ya fi muni idan aka rufe tukunyar ƙarfe da foyil yana taɓa miya, domin ƙarfe biyu mabambanta da ruwan gishiri a tsakaninsu suna hanzarta cinyewar. Haka zancen yake ga tsamiya, da zoɓo, da yakuwa, da lemon tsami, da naman da aka jiƙa da gishiri da kayan ƙamshi. Sanyi yana rage saurin abin, amma a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya abinci yakan ɗan saki ya sake kamawa, don haka kada ki dogara da sanyin. Masu ciwon ƙoda su suka fi buƙatar kiyayewa, saboda ƙoda ce ke fitar da alminiyam daga jiki.

Ki markaɗa, ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki bar shi ya huce sarai, ki zuba a leda mai zif ko roba mai murfi. Kwando guda idan ya ƙone ba ya cin wuri. Idan zai wuce wata biyu, ki ƙara foyil a bayan ledar. Markaɗen attaruhu da citta da tafarnuwa ki zuba a robar yin ƙanƙara, su daskare gida-gida, ki juye a leda. Wannan kam foyil a waje yana taimakawa ƙwarai, domin warin tafarnuwa yana ratsa leda.

Idan aka ɗauke wuta

Foyil ba ya riƙe sanyi. Abin da ya sa yake saurin daskarar da nama shi ne zai sa ya yi saurin miƙa masa zafi. Abin da ke riƙe sanyi shi ne yawan ƙanƙarar da ke ciki. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce cikakkiyar firiza tana riƙe sanyi kimanin awa 48 idan ba a buɗe ta ba, mai rabin kaya kuma awa 24, firiji kuwa awa 4 kacal. A zafin Sakkwato ko Maiduguri ki ɗauka bai kai haka ba. Don haka duk gurbin da kaya suka bari ki cike shi da goran ruwa ko ledar ruwa, ki matse ƙullin naman wuri ɗaya a ƙasa, gorunan a sama da gefe. Ki hana yara buɗewa. Idan rashin wutar ya yi tsawo kina iya lulluɓa bargo a kan murfin, amma ki cire shi da zarar an kawo wuta, kada ya toshe wa injin iska.

Ga mai tafiya ta bar gida: ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora wani abu mai ɗan nauyi a kan ƙanƙarar. 'Yan'uwanmu na Nijar tsabar sefa na hannunsu, mu nan ɗan tsakuwa mai tsabta ya wadatar. Idan kin dawo kin same shi a gindin kofi, komai ya narke ya sake daskarewa a bayanki, kuma naman nan abin tuhuma ne ko da ya yi tauri. Naman da kika tarar da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai amma da sanyinsa kamar na firiji, a dafa shi a ranar. Wanda ya yi ɗumi na sa'o'i, ko ya yi yauƙi, ko ya canja wari, a haƙura da shi. Kuɗin asibiti ya fi kuɗinsa.

Tsawon zama da narkarwa

A firizar da sanyinta bai yankewa, tsokar sa ko ta rago mai kyakkyawan naɗi tana kai wata 4 zuwa 12 da daɗinta, kaza guda shekara ɗaya, yankakkiya wata 9, niƙaƙƙen nama da kayan ciki wata 3 zuwa 4, kifi mai maiƙo irin su titus wata 2 zuwa 3, dafaffiyar miya ma haka. Wannan lissafin masu tsayayyar wuta ne. Idan unguwarku ana kwana ana yini babu wuta, shawarata ki raba shi biyu, ki fara cinye kifi da kayan ciki.

Wajen narkarwa ki sauko da ƙulli ɗaya zuwa firiji tun dare, a kan faranti. Idan sauri kike, ki cire foyil ɗin, ki nutsa ledar a ruwan sanyi kina canja ruwan duk rabin awa. Ƙulli mai faɗi ba ya ɗaukar lokaci, naman miya ma kina iya jefa shi tukunya a daskare. Kada ki shanya shi a rana, kuma kada foyil ya shiga maikirowef, tartsatsin wuta yake yi.

Kada foyil ɗin ya cinye ribar

Shi ma da kuɗi ake sayen sa, saboda haka ba komai ake naɗewa ba. Abin da za a ci cikin mako biyu leda mai kyau ta ishe shi. Miya da romo da kunu roba mai murfi suke so. Foyil na kayan da za su daɗe ne, da masu tsada, da masu wari. Wanda kika warware daga bayan leda bai taɓa nama ba, ki buɗe shi a hankali, ki goge da ruwan sabulu, ki shanya, ki shimfiɗa a tebur ki murje shi da bayan cokali, zai sake yin naɗi biyu ko uku. Kafin ki sake amfani da shi ki ɗaga shi saitin haske, idan kin hango huji ki mayar da shi na shimfiɗar tire ko na toshe tsinin ƙashi. Wanda ɗanyen nama ko kifi ko jininsu ya taɓa kuwa, ba a wanke shi don a sake, kwandon shara zai tafi.